Askin da na yi wa kwamfutar Kawu

A unguwarmu ta Tudun Wada da ke Gusau, Injiniya ake ce mini. Ba wata makarantar injiniyanci na yi ba. Wata rana ce na gyara wa maƙwabcinmu wayarsa da ta daina ƙara, ashe shi ya rage muryar da kansa. Tun daga nan sunan ya manne, ni kuma ban taɓa musantawa ba.

To a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, zaman banza ya ishe ni. Ba kira, ba WhatsApp, ba Facebook. Ana cikin haka sai ga Kawu da laftof ɗinsa naɗe cikin dardumar salla.

"Injiniya, wagga na'ura ta cika nawa. In na kunna ta, sai in yi alwala in dawo ba ta gama tashi ba."

Na karɓa, na jujjuya ta kamar likita ya samu majinyaci. "Kawu, sabon Windows take so. Kafin la'asar an gama."

Ina da Windows 10 a ajiye tun kafin a yanke layi, don haka na ce abin nema ya samu. Na soka filashina, wato ɗan ma'ajin da ake kwafar fayiloli a kai, mai gigabait 16 zan kwafa, sai kwamfuta ta ce fayil ɗin ya yi masa girma. Tulu ya ƙi ɗaukar ruwan kofi ke nan! Daga baya na gane dalili: filashin yana kan tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya wuce gigabait 4, ko da sararinsa ya kai filin idi. Manhajar Rufus ce ke warware wannan cikin minti kaɗan, amma sai an sauke ta daga intanet. Intanet ɗin da ke kwance a kabari.

Haka na taka da ƙafa har Sabon Gari neman wani abokina mai gyaran kwamfuta, tunda ba halin kira. Sau biyu ina zuwa ana ce mini yanzun nan ya fita. A zuwa na uku na kama shi bakin mai shayi, ya ara mini filashinsa da aka riga aka haɗa da Windows a kai, ya ce, "Ka dai kwashe kayan mutane tukuna." Na ce haba, ni za ka koya wa aiki?

Na dawo gida, na kunna kwamfutar Kawu ina dannan maɓallin F9 kamar mai kiɗan kalangu har jerin wuraren tashi ya fito. Na zaɓi filashi. Da aka zo wurin da ake tambayar inda za a zuba Windows, sai na ga faifan ajiyar an raba shi gida huɗu. Na ce wannan ai shi ne cunkoson da ke sa ta nawa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na goge, har ina jin daɗin yadda wurin ya yi fes.

Aiki ya wuce rabi aka ɗauke wuta. Batirin laftof ɗin kuwa ya daɗe da riga mu gidan gaskiya, take ta yi ɗif. Janareta na nan, amma an hana sayar da fetur a jarka. Wuta ba ta dawo ba sai wajen ƙarfe biyun dare, na tashi da makuwar barci na sake daga farko.

Da asuba Windows ya hau. Gumakan kan allo kowane ya kai girman waina, sauti babu, alamar Wi-Fi ma ta yi ɓatan dabo. Duk direbobinsu ake buƙata, wato 'yan manhajojin da ke sa Windows ya gane kayan cikin na'urar. Direba sai da intanet, intanet sai da direba, garin kuma ba ko ɗaya. Manhajar rubutu ta Word ma babu, don ba ya zuwa tare da Windows.

Kawu ya iso da hantsi. Ya danna, ta tashi nan take, ya washe baki. "Kai, Allah shi yi maka albarka! To buɗe min hotunan Makka in gani."

"Waɗanne hotuna, Kawu?"

"Na aikin Hajjina na 2019 mana. Da takardun gona."

Gumi ya keto mini. A gida na uku suke, cikin huɗun nan da na yi wa askin ƙwal-kwabo. Na fara kame-kame, ina cewa ai sabon Windows yakan ɗan ɓoye abubuwa kafin ya saba da mutum. Kawu ya tsura mini ido ta saman tabarau.

"Mi kac ce?"

Allah ya rufa asiri, 'yarsa da ke aure a Kaduna tana da yawancin hotunan a wayarta, takardun gonar kuma ainihinsu na cikin akwati. Sai dai ba a tabbatar da haka ba sai bayan layi ya dawo, kuma duk tsawon makonnin nan ta bayan masallaci nake zagayawa don kada in bi ta ƙofar gidansa. Yanzu in ya hango ni a majalisa, daga nesa yake ɗaga murya: "Jama'a, kowa shi ɓoye wayatai, ga Wanzami nan tahe!"