Awon jinin masu ciwon zuciya: a yi shi, amma a san lokacin yin sa

Watannin baya na raka gwaggona ganin likitan zuciya a nan Damagaram. Ƙafafunta sun kumbura har silifa ya ƙi shiga, da dare kuma sai ta jingina da matashi uku, don in ta kwanta miƙe numfashi sarƙewa yake. Likita ya danna mata ƙauri da yatsa, ramin ya zauna bai taso ba. Ya rubuta awon jini mai suna NT-proBNP. Da takardar ta fito, Gwaggo ta riƙe ta a juye ta ce, "Ɗan nan, kwanakina ne suka rubuta a nan?"

Ba kwanakinta ba ne. Idan zuciya ta gaza tura jini, ruwa ya taru, bangonta ya miƙe, sai ta saki wani furotin cikin jini da ake kira BNP, wanda masanan Japan suka fara ganowa a 1988. NT-proBNP ɗan'uwansa ne da zuciya ke saki tare da shi, amma ya fi shi daɗewa cikin jini. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta ce ga wanda ya zo da ƙafarsa, lambar da ba ta kai 125 ba na nuna da wuya a ce gazawar zuciya ce. Ga wanda ciwon ya riga ya zauna masa, yawan lambar na tafiya da yawan haɗarin komawa gadon asibiti ko rasa rai. Sai dai tsufa da ciwon ƙoda na ɗaga ta, ƙiba kuma na sauke ta, shi ya sa ba a karanta ta ba tare da an dubi mai ita ba.

Ra'ayina shi ne a yi awon a gaɓar da zai canza shawara, kamar lokacin da ake tantama ko zuciya ce ko huhu, da ranar sallama daga asibiti. Maimaita shi kowane wata asarar kuɗin gero ce. Wani babban gwaji mai suna GUIDE-IT, da aka bayyana sakamakonsa a 2017, ya nuna cewa bin lambar ana daidaita magani bai fi kulawa mai kyau ta yau da kullum ba. In haka ta kasance a Amurka, ina ga mutumin da ya biya mota daga Tanut ko Magarya?

Waɗanda na fi so awon ya kai gare su masu jego ne. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan gazawar zuciya bayan haihuwa a ƙasar Hausa, suka alaƙanta ta da wankan jego da kunun kanwa. Har yau mace za ta yi arba'in tana haki, a ce gajiyar haihuwa ce, a ƙara mata kunu.

Gwaggo dai an hana ta kanwa, an rage mata gishiri, an ba ta maganin fitsari. Likita ya ce in ta ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3 mu dawo da ita ba jira. Na sayo ma'auni na ajiye bakin ƙofar ɗakinta. Kullum bayan sallar asuba sai ta hau, jikanta ya rubuta lambar a bayan kalanda, ita kuwa tana mitar miya ba ɗanɗano.