"Sai an biya mu": yadda ƙaramin ɗan kwangila ya zama bankin dole

Duk wanda ya taɓa karɓar aikin wayarin, ko na famfo, ko na rufi a ƙarƙashin wani babban kamfanin gine-gine ya san wannan amsar: "Ka ƙara haƙuri, mu ma ba a biya mu ba." Cikin ladabi ake faɗinta, wani lokaci har da dafa kafaɗa. Mutum ya fito daga ofis bai yi faɗa da kowa ba, bai kuma samu ko sisi ba. Ranar sallamar leburori kuwa ba ta ɗaguwa, mai siminti da mai rodi sun dame shi da waya, banki yana ta lissafa kuɗin ruwansa dare da rana.

Akan ɗauki rigimar da ke tsakanin babban ɗan kwangila da ƙananan da ke ƙarƙashinsa a matsayin saɓanin lissafi, wannan ya ce an yi kashi 70 na aiki, wancan ya ce 55 ne. Irin wannan tana faruwa. Amma a ganina asalin gardamar a kan abu ɗaya take: wa zai ɗauki nauyin ginin da kuɗin aljihunsa kafin mai gini ya biya? Yadda aka tsara harkar, nauyin yana faɗawa ne a wuyan wanda jarinsa ya fi na kowa ƙanƙanta.

A babban gini na kasuwanci, otal ne ko asibiti ko benen ofisoshi, abin da babban ɗan kwangila yake yi da hannunsa kaɗan ne. Yanka aikin yake yi ya rarraba: wani ya haƙa tushe, wani ya ɗaura rodi, wani ya sa gilasai, wani ya haɗa na'urorin sanyaya ɗaki. A ƙarshen wata kowa ya kawo takardar neman biya. Mai ƙiyasin kuɗin gini ya auna abin da aka yi, babban kamfani ya haɗa lissafin ya miƙa wa akitek ko injiniyan mai gini, shi kuma ya sa hannu, mai gini ya biya, sannan kuɗin su fara gangarowa. Kowane mataki da kwanakinsa. Shi kuwa mai wayarin tun kafin a shiga watan ya sayo waya da bututu, ya kuma biya yaransa mako-mako. Kafin kuɗinsa na farko su shigo ya ba ginin bashin wata biyu ko uku, babu riba, babu jingina, kuma babu wata yarjejeniya tsakaninsa da mai ginin da zai iya riƙe shi da ita. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Me ya sa manyan kamfanoni suke jan ƙafa ko da kuɗi sun shigo hannunsu? Ribarsu a kan aikin kanta siririya ce, a Birtaniya sau da yawa ba ta wuce kashi 2 ko 3 cikin 100. Abin da ke riƙe da su shi ne kuɗin da ke kwana a asusunsu tsakanin ranar da mai gini ya biya da ranar da suka sallami na ƙasa. Da kuɗin wannan aikin ake toshe ɓarakar wancan. Kowace rana ta jinkiri rance ne kyauta.

Kamfanin Carillion ya isa misali. Shi ne na biyu a girma cikin kamfanonin gine-gine na Birtaniya lokacin da ya durƙushe ranar 15 ga Janairun 2018. Tsabar kuɗin da suka rage masa ba su wuce fam miliyan 29 ba, bashin da ke kansa kuwa ya doshi fam biliyan 7. Daga ciki kusan fam biliyan 2 na ƙananan 'yan kwangila ne da masu kawo kaya, su kimanin 30,000. Wa'adin biyan da ya gindaya musu kwana 120 ne, wato wata huɗu cif. Wanda ba zai iya jira ba, sai a nuna masa hanyar banki ya karɓi kuɗinsa da wuri a zaftare masa wani abu. Mutum ya biya lada kafin a ba shi haƙƙin guminsa ke nan. Abin dariya, in da abin dariya ne, kamfanin yana cikin waɗanda suka sa hannu a kan ƙa'idar biya da wuri da gwamnati ke ƙarfafawa a lokacin. Manyan asibitoci biyu da yake ginawa suka tsaya cak, na birnin Libaful bai buɗe ba sai 2022, na kusa da Bamingham sai 2024. Yawancin waɗanda suke binsa bashi kuwa ba su ga abin kirki ba.

Wannan "sai an biya mu" ɗin ba a baki kaɗai take tsayawa ba, a cikin takardar kwangila ake dasa ta, kuma iri biyu ce. Ɗaya tana cewa za a biya ka lokacin da mai gini ya biya. Kotuna da yawa a Amurka sun fassara wannan da maganar lokaci kawai: a yi jinkiri daidai misali, amma daga ƙarshe dole a biya. Ta biyun ta fi muni, cewa take in mai gini bai biya ba, kai ma ka yi asara har abada. Bambancin kalma ɗaya ko biyu ne a shafi na ashirin da wani abu, wurin da mai zumuɗin samun aiki ba ya kaiwa da karatu. A yi tunani: mai wayarin bai zaɓi mai ginin ba, bai binciki ƙarfin aljihunsa ba, wataƙila ko ganinsa bai taɓa yi ba. Babban ɗan kwangila ne ya yi duk wannan, shi ne kuma ya sa ribarsa a kan aikin kowa. Wanda ya ci ladan kuturu ai shi zai yi masa aski. Babbar kotun jihar Niyu Yok ta soke irin wannan sharaɗi a 1995, ta Kalifoniya ta bi sahu a 1997, amma har yau akwai jihohin da yake aiki in an rubuta shi ƙarara.

Sai kuɗin riƙo. Daga kowane biya ana cire wani kaso, galibi kashi 5, a wasu wurare har 10, a ajiye don ko aibi zai bayyana daga baya. A al'adar kwangilolin Birtaniya da waɗanda suka kwaikwaye su, ana sakin rabi idan an kammala gini, sauran rabin bayan wa'adin gyara, wanda yakan kai shekara guda. A takarda babu laifi. Matsalar ita ce wanda ya haƙa tushe ya gama nasa tun watannin farko, amma sau da yawa kuɗinsa suna ɗaure da ranar kammala ginin gaba ɗaya. In mai fenti ya makara da shekara, shi ma ya makara. Kuma wannan kashi 5 ɗin ga ƙaramin kamfani shi ne ribar aikin baki ɗaya, ko fiye. Da yawa sukan gaji da zirga-zirga su haƙura, abin da wasu manyan kamfanoni suka sani sarai, suka kuma dogara da shi.

A yi adalci, babban ɗan kwangila ma yana da abin faɗa. Akwai ƙananan da ke yin aikin ha'inci, su binne bututun da ke yoyo a cikin bango, su kwashe yaransu su tafi wani aikin. Akwai masu kumbura lissafi, akwai masu karɓar kafin alƙalami su ɓata. In aiki ya makara, babban kamfani ne mai gini yake yanka wa tara kullum, ko da laifin na mai gilasai ne. Wanda zai amsa tambaya a kan aikin mutum talatin dole ya riƙe wani abu a hannunsa. Ban musa ba. Abin da na ƙi shi ne a riƙe kuɗi ba a faɗi dalili ba, ko a ƙirƙiro dalilin bayan wata uku da aka ga mutum ya matsa: a ce an cire kaza na share fili, kaza na amfani da ƙugiyar ɗaga kaya, kaza na jinkirin da ba a taɓa rubuto masa ba.

Su ma ƙananan suna da nasu sakacin, kuma a nan aka fi yi musu illa. Injiniyan fili ya zo ya ce, "Matsar da wannan bangon, ƙara fitilu shida a can, za mu daidaita daga baya." A yi aikin a kan amana. Ranar lissafi a ce ina takarda? Injiniyan ya koma wani aikin, ko ya ce shi bai tuna ba. Kwangilolin zamani ba su da tausayi a wannan wurin. A tsarin takardun kwangila na FIDIC, wanda ake amfani da shi a manyan ayyuka a ƙasashe da dama, in ɗan kwangila bai ba da sanarwar neman ƙarin kuɗi ko ƙarin lokaci cikin kwana 28 da sanin abin da ya faru ba, haƙƙinsa na iya faɗuwa, komai gaskiyarsa. Manyan kamfanoni kan kwafi wannan sharaɗi su ɗora wa na ƙasa, har su rage kwanakin. Saƙon waya guda a ranar da aka ba da umarni, da hoto, da littafin aikin yau da kullum da aka sa wa hannu, sun fi shaidu goma amfani.

Ƙasashe sun gwada magunguna iri-iri. Ɗaya daga cikin mafi daɗewa shi ne na Amurka: tun 1791 jihar Merilan ta ba magina ikon ɗaura bashinsu a kan ginin kansa, don a samu masu yarda su gina sabon babban birnin ƙasar, Washinton. Ginin da aka ɗaura wa bashi yana wuyar sayarwa ko jinginarwa, don haka mai gini da bankinsa sukan tashi tsaye. Da yake ba a ɗaura bashi a kan ginin gwamnati, dokar Miller ta 1935 ta tilasta wa mai kwangilar gwamnatin tarayya ya kawo kamfanin da zai tsaya masa, wanda ƙananan za su bi in ba a biya su ba. Makami ne mai kaifi, sai dai yana da wa'adi da takardu masu tsauri, wanda ya kuskure rana ɗaya ya rasa.

Ni dai hanyar Birtaniya ta fi kwanta mini. Bayan rahoton da Michael Latham ya rubuta kan harkar gine-gine a 1994, majalisa ta yi doka a 1996 wadda ta fara aiki a 1998. Ta haramta "sai an biya mu", in ban da inda mai gini ya karye. Ta ba wanda ba a biya ba damar dakatar da aiki bayan sanarwar kwana 7. Mafi muhimmanci, ta ce kowane ɓangare na iya kai gardama gaban mai raba gardama a kowane lokaci, shi kuma ya yanke hukunci cikin kwana 28. Hukuncin yana aiki nan take. Wanda bai gamsu ba ya biya tukuna, sannan ya tafi kotu in yana so. Gyaran da ya fara aiki a 2011 ya ƙara da cewa wanda zai biya ƙasa da abin da aka nema dole ya rubuto nawa zai biya da yadda ya lissafa, kafin ranar biya. In ya yi shiru, ya biya duka. Hikimar a nan ita ce an ƙwace wa mai ƙarfi babban makaminsa, wato lokaci. Shari'ar shekara uku ba ta damun kamfanin da ke da lauyoyi a ofis, amma mai ma'aikata goma sha biyu ba zai kai ƙarshenta ba. Jihar Niyu Sawut Wels ta Ostireliya ta yi irin dokar a 1999, Niyuzilan a 2002, Singafo a 2004, Maleshiya a 2012. Lardin Ontariyo na Kanada ya sa kwanaki ƙarara tun 2019: mai gini ya biya cikin kwana 28, babban ɗan kwangila ya sallami na ƙasa cikin kwana 7 da karɓa.

To amma Carillion a ƙarƙashin wannan dokar ta Birtaniya ya rayu, a ƙarƙashinta kuma ya cinye kuɗin mutane. Dalili na farko tsoro ne. Ƙaramin kamfanin da rabin aikinsa daga hannun babba ɗaya yake zuwa ba zai kai shi ƙara ba, don ya san ko ya ci shari'ar ba za a sake kiransa ba. Na biyu, hukunci ba ya tsinana komai in asusun wanda aka ci ya bushe. Ranar da babban kamfani ya faɗi, kuɗin riƙon da ke hannunsa sun gauraye da sauran dukiyarsa, bankuna masu jingina su fara ɗiba, mai famfo ya shiga layin ƙarshe yana neman kuɗin da tun asali nasa ne.

Shi ya sa nake ganin gyaran da ya fi kowane tasiri shi ne a sauya inda kuɗin suke kwana. Akwai tsarin asusun aiki, inda mai gini yake zuba kuɗin wata a asusun amana guda, banki ya raba wa babba da ƙanana a lokaci ɗaya, kowa gwargwadon abin da aka tabbatar masa. Gwamnatin Sukotlan ta wajabta shi a manyan ayyukanta tun 2016. Manyan kamfanoni ba sa sonsa, sukan ce yana ƙara takardu da wahala. Yana ƙarawa ɗin, amma ba na jin takardun ne damuwarsu.

Niyuzilan ta koyi darasin a kan kuɗin riƙo har sau biyu. Bayan faɗuwar kamfanin gine-gine na Mainzeal a 2013, ta yi dokar da ta ce daga 2017 kuɗin riƙo amana ne a hannun babban ɗan kwangila. Sai dai ba ta tilasta a ware su a asusu daban ba. Da kamfanin Ebert ya faɗi a 2018, aka tarar ba duka aka ajiye ba, wasu ƙananan suka samu, wasu suka tashi a tutar babu. Sai a 2023 majalisa ta koma ta rubuta abin da ya kamata ta rubuta tun farko: asusun banki na daban, rahoto ga ƙaramin ɗan kwangila duk wata uku, da tara a kan kamfani da daraktocinsa in suka saɓa.