Dala ko Tozo?

Tun da Alhaji Bakano ya cika shekara 35 a aikin gwamnati aka sallame shi, ya rasa abin da zai yi da tsakanin hantsi da azahar. Wata rana jikansa ya nuna masa bidiyon wani Bature yana zana dutse da gajimare kafin shayi ya huce. Alhaji ya ce in dai wannan ne, ba sai an je Ingila ba. Ya shiga kasuwar Sabon Gari ya sayo fenti gwangwani huɗu da buroshi, ya ɓamɓaro silin guda daga ɗakin ajiyar Hajiya, ya yi mako uku a saman bene yana ƙura wa Dutsen Dala ido. Ran Asabar ya rungumo aikinsa zuwa rumfar kafinta, abokin wasansa Bazazzagi na biye da shi.

KAFINTA: Sannu da zuwa, Alhaji. Yoyo ne ya ɓata silin ɗin haka? Kawo a sake wani.

BAKANO: Wane irin yoyo? Buɗe idonka, zane ne. Firam nake so ka yi masa, mai ruwan zinare, har da gilashi.

KAFINTA: To madalla. Ina ne saman?

BAKANO: Ƙato da kai ba ka san inda sama take ba?

KAFINTA: Ta waje na san inda take. Ta cikin nan nake tambaya, don in san inda zan buga ƙusar ratayewa.

BAZAZZAGI: Buga ko'ina, ɗan samari. Sau huɗu na juya shi a cikin mota, duk ɗaya ne.

BAKANO: Kai bawana, rufe mana baki. Me Bazazzagi ya sani game da zane?

BAZAZZAGI: Zariya fa kake magana! Tun 1958 ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane a garinmu, su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, tun ba a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ba, don sai 1962 aka buɗe. Ku lokacin kuna Kurmi kuna ƙirga kwabbai.

BAKANO: Kai a wane aji ka zauna?

BAZAZZAGI: Ban shiga aji ba, amma shekara tara ina sayar wa ɗaliban zane rake a bakin ƙofa. Da kunnena na ji suna cewa abin da ke nesa dushewa yake yi, ya yi fari-fari ko shuɗi-shuɗi, na kusa kuwa ya fito da duhunsa. Kai na nesa da na kusa duk ka jera su sahu ɗaya kamar masu layin mai. Wannan gidan da ke gindin dutse ya fi dutsen girma.

BAKANO: Gidan surukina ne. In na ƙanƙanta shi magana za ta tashi.

BAZAZZAGI: Saman kuma me ya sa ya yi kalar kunun kanwa?

BAKANO: Hazo ne. Da hunturu na zana.

BAZAZZAGI: Da hunturu, amma ciyawa kore shar kamar watan Agusta?

BAKANO: To ai ita ciyawar ce ta cinye shuɗin. Sai da na haɗa shi da ruwan ɗorawa kafin in sami kore. Da na kai sama gwangwani ya ƙare, sai na ga hazo bai da tsada.

BAZAZZAGI: Matarka ya gani? Me ya ce?

BAKANO: Ta gani, ta ce! Mutumin da bai raba mace da namiji a bakinsa ba shi ne zai koya min raba nesa da kusa?

BAZAZZAGI: Na ji. Me ta ce?

BAKANO: Ta ce in mayar mata da silin inda na ciro shi, ɓera na faɗo mata cikin tukunya.

Kafinta ya ɗan danna zanen da yatsa. Yatsa ya dawo ja.

KAFINTA: Alhaji, fentin ƙofa ka yi aiki da shi, ka kuma labta shi kamar yaɓe. Fentin mai in ya yi kauri, fatar sama ce ke bushewa, ciki ɗanye. In na ɗora gilashi yanzu, shi da zanen sun ɗaura aure ke nan, ba saki. Zanen mai ma ba a cika sa masa gilashi ba. Na fentin ruwa a kan takarda ake sa wa, shi ma da kwali a tsakani don kada su haɗu.

BAKANO: Shekara 35 ina ofis, ban taɓa ganin hoton babban mutum ba gilashi ba. Sa masa.

KAFINTA: Kuɗinka ne. Katako, yankan kusurwa huɗu, ruwan zinare da gilashi, naira 18,000.

BAKANO: Innalillahi! Fentin gaba ɗaya 9,000 na saya. Yaushe sirdi ya fi doki tsada?

BAZAZZAGI: Tun ranar da dokin ya zama jaki.

KAFINTA: Akwai sauƙi. Ina da ragowar firam ɗin taga, 6,000. Sai dai zanenka ya ɗara shi da taƙi guda. In sa zarto in rage saman kaɗan.

BAKANO: Ka yanke Dala? Dalar Barbushe? Dutsen da Kano ta tashi a gindinsa?

KAFINTA: Ai masu gini sun daɗe suna cin gefenta ba wanda ya ce uffan. Ni taƙi ɗaya na nema.

Ana cikin haka Malam ya iso karɓar allunan almajiransa.

BAKANO: Yauwa! Allah gafarta Malam, zo ka raba mu. Na ji an ce zane akwai magana a kansa, shi ya sa ban sa ko kaza ba.

MALAM: Haka ne. Wani mai yin hotuna ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, ɗan Abbas ya ce masa in ya zama dole, to ya yi itace da abin da ba shi da rai. Dutse da sama da ciyawa ba laifi. Miƙo in gani. To... ikon Allah. Alhaji, mene ne wannan ɗin?

BAKANO: Dala ce, Allah gafarta.

MALAM: In ka ce Dala ce, Dala ce. Musulmi ba ya ƙaryata ɗan'uwansa. Amma wannan tsuntsun da ke sama fa? Har da fiffike da ƙafafu. A nan kam ka nuna gwaninta, kuma a nan matsalar take.

BAZAZZAGI: Shi kaɗai ne abin da ya yi kyau a ciki.

Kafinta ya matso, ya sa farce.

KAFINTA: Ƙuda ne, Allah gafarta. Na gaske. Fenti ya kama shi.

MALAM: Yana motsi?

KAFINTA: Ya kwana biyu da cikawa.

MALAM: To ba rai ke nan. A bar shi.

Wani Ɗan Fulani da ya zo gyaran akwati tun safe yana zaune a gefe bai ce komai ba. Da aka jingine zanen a bango ya miƙe, sanda ta faɗi daga kafaɗarsa.

ƊAN FULANI: Aradu shi ne! Kaɗo, ina ka gan shi?

BAKANO: Ka ji mai ido. Daga saman benena na gan ta, kullum tana nan.

ƊAN FULANI: A saman bene? Bara na sayar da shi a kasuwar Wudil ranar Juma'a, kwana uku ban ci tuwo ba. Rahajina ne! Dubi jan jikin, dubi tozo. Ga ƙahoni nan biyu sun tashi.

BAKANO: Dabino ne guda biyu, ɗaya hagu ɗaya dama.

ƊAN FULANI: Amma ka bar shi da yunwa, Kaɗo. Duk haƙarƙari a waje.

BAKANO: Matakala ce! Ta nan ake hawa!

ƊAN FULANI: Ba a hawansa, tunkuyi gare shi. Ga ma ƙuda nan a kansa, yadda na san shi. Nawa za ka sayar min? Inna Wuro ta gan shi ko hankalinta ya kwanta.

BAKANO: Malam Jauro, wannan aikin mako uku ne. Tarihin Kano ne. Ba abin sayar...

ƊAN FULANI: Dubu arba'in.

Rumfa ta yi tsit. Alhaji ya ɗauki zanen, ya miƙa hannu nesa, ya karkata kai, ya runtse ido ɗaya.

BAKANO: Albarka. Sa mai wannan tozon? Je ka Wudil ka tambaya.

BAZAZZAGI: La ilaha illallahu! Ina Barbushe?

BAKANO: Barbushe ya yi zamaninsa. Kawo hamsin, Jauro, ka tafi da shi har da firam ɗin taga.

MALAM: Tsaya, Alhaji. Ɗazu ka ce min dutse ne. In sa ne, hukunci ya sake.

BAKANO: Allah gafarta Malam, ni da niyyar dutse na zana, shaidata Hajiya. In ya iso rumfar kafinta ya zama sa, wannan tsakaninsa da Jauro ne.

KAFINTA: In sa zarto in cire kan, kowa ya huta. Dama firam ɗin bai kai ba.

ƊAN FULANI: Ka taɓa ƙahon nan, aradu sai mun je gaban alƙali.

MALAM: Ni dai ba ni alluna in tafi. Wannan mas'ala ban same ta a littafi ba.

Ɗan Fulani ya kwance lalita ya ƙirga arba'in da biyar, ya ɗora zanen a ka, fenti na bin hularsa. Alhaji ya bi shi har bakin titi.

BAKANO: Jauro! Sa ɗaya ka sayar bara, ko har da saniya? Akwai Goron Dutse, daga taga nake hango shi, ranar Laraba ka dawo.

BAZAZZAGI: Zo Zariya ka zana Kufena, a sayar masa garke guda.

BAKANO: Kafinta, ara min tsani da guduma. Silin uku suka rage a ɗakin Hajiya, kuma ta tafi biki sai magariba.