Koyote da mai tumaki: ni ba na goyon bayan kisan kan mai uwa da wabi

Wani abokina ya turo mini hoton nan da ke yawo, na wasu mafarauta a jihar Texas ta Amurka da suka jera gawarwakin koyote a bayan a-kori-kura suna murmushi. Ya ce, "Malam, kai da kake can, wai waɗannan karnuka ne ko kuraye? Me suka yi da zafi haka?" Na so in sallame shi da layi biyu, maganar ta ƙi taƙaituwa.

Koyote ba kura ba ce. In ka san dila, to ka ga ɗan uwansa, sai dai wannan ya ɗan fi shi jiki, ko da yake da wuya ya wuce kilo 20. Wayo kuwa kamar ya yi magana. Mu muna ce wa dila malamin daji, su kuma 'yan asalin Amurka irin su Navajo, matsayin da Gizo yake da shi a tatsuniyarmu shi koyote yake da shi a tasu.

A watan Afrilun bara na bi wani abokin karatuna gonar kawunsa a yammacin Texas, dattijo mai kiwon tumaki da awaki. Da sassafe muka zaga shinge, sai ga wata tunkiya tsaye ita kaɗai tana kuka, hantsarta cike. Ɗanta yana kwance a gindin wata ƙaya. Dattijon ya durƙusa, ya ɗaga haɓar ɗan ragon, ya nuna mini hujin haƙora a maƙogwaro, sannan ya nuna gefen cikin da aka farke aka cinye hanta da zuciya. Ya ce in karen gida ne, cinyoyi yake yayyagawa ya bar naman bai ci ba, amma wannan aikin gwani ne. Shi ne na huɗu a mako biyu. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba, ya dai daɗe yana kallon sawun da ke cikin ƙura.

Duk wanda ya taso gidan da ake sayar da akuya a biya kuɗin makaranta ba sai an fassara masa wannan shirun ba. Saboda haka ni ban ga laifin manomin da ya ɗauki bindiga a cikin gonarsa ba. Ƙididdigar Ma'aikatar Noma ta Amurka kullum tana nuna cewa a cikin namun dajin da ke kashe tumaki, koyote ne kan gaba. Dokar Texas ma ta ba da dama a harbe shi kowane lokaci a shekara, babu adadi. Mutumin birni da ke cewa a ƙyale su, halittar Allah ce, bai taɓa jin kukan tunkiyar nan ba.

Inda nake rabuwa da masu hoton shi ne tunanin cewa yawan gawa shi ne maganin ɓarna. An gwada wannan, kuma ba gwajin wasa ba. Tun 1931 gwamnatin tarayya ta kafa dokar yaƙi da namun da ke yi wa dabbobi ɓarna. An yi da tarko, an yi da guba har sai da Shugaba Nixon ya hana zuba ta a filayen gwamnati a 1972, an yi da harbi daga jirgi mai saukar ungulu. Har gobe hukumar Wildlife Services tana kashe sama da dubu 50 duk shekara, ban da na mafarauta. Jihar Utah ta sa tukwicin dala 50 a kan kowane ɗaya a 2012. To ina aka kwana? Dabbar da a da ba a san ta ba sai a filayen yamma, yau tana kowace jiha ban da Hawai, tana haihuwa a tsakiyar Chicago, ta gangara har Panama. An ƙarar da kyarkeci a yawancin ƙasar, wanda shi ne dodonta, sai fili ya zama nata.

Dalilin yana cikin yadda suke zama. Namiji da mace ɗaya ne ke riƙe da yanki, su ne ke haihuwa, su ne ke korar baƙi. In ka share su duka, abinci ya yalwata ga waɗanda suka rage, 'ya'ya da yawa su rayu, masu yawo marasa yanki su shigo su cike gurbin cikin 'yan makonni. Tun 1975 masana suka lissafa cewa sai an riƙa kashe kashi 75 cikin 100 kowace shekara har sama da shekara 50 kafin a ga bayansu. Wa zai iya? Binciken da aka yi a cibiyar Hopland ta California ya ƙara nuna cewa yawancin ɓarnar daga masu riƙe da yankin take fitowa, in yankinsu ya haɗa da inda tumaki suke, kuma cire waɗannan takamaimai ya fi rage asara a kan harbin duk wanda aka gani.

Dattijon nan bai kawo mini sunan wani bincike ba, amma abin da yake yi ke nan. Ya ce akwai wasu biyu a ɓangaren arewa, shekara uku yana ganinsu, zomo da ɓera suke ci, ba su taɓa taɓa masa rago ba. "Waɗannan ba na harbinsu, kuma ba na barin kowa ya harbe su. In suka mutu ban san wanda zai gaje su ba." Masu zuwa neman izinin farauta a gonarsa da tabarau mai gani cikin duhu da na'urar kwaikwayon kukan zomo, kusan duk yana mayar da su daga ƙofa.

Abin da ya fi ba ni dariya kuma shi ne jaki. Na baro jaki a gida yana dakon yashi, na zo na tarar da shi a nan mai gadi ne. Ya tsani duk wani dangin kare, da ya hango koyote sai haniniya da harbi da cizo. Akwai kuma manyan fararen karnuka irin Great Pyrenees da Akbash, da ake sa su cikin garke tun suna 'yan kwikwiyo har su ɗauka su ma tumaki ne. Ba kyauta ba ne, kare yana ci, yana son allura, sai ya shekara da wani abu kafin a dogara da shi, kuma jaki ɗaya ba ya tsare fili mai faɗin gari guda. Amma in ka duba, duk ƙoƙari ne na maye gurbin abin da Bafulatani bai taɓa yarwa ba, wato mutum da sanda a bayan garke, da shigar da dabbobi kusa da gida in rana ta faɗi. A nan ladar makiyayi ta yi tsada, sai aka bar tumaki su kwana su kaɗai a daji, aka ce waya ta tsare su.

Gasar kisan da ke cikin hoton kuwa, wadda ake ba wa wanda ya fi tara gawa kyauta, nishaɗi ne aka sa masa rigar taimakon manomi. California da New Mexico da Arizona da New York duk sun hana ta, kuma ina ganin sun kyauta.

Daren ranar dattijon ya kora masu sabuwar haihuwa cikin garka kusa da gida, ya ɗauki bindigarsa da bargo ya tafi gindin ƙayar nan. Sai dare na uku ya samu wadda yake jira, mace ce, nononta a zube, alamar tana shayarwa. Na tambaye shi 'ya'yanta fa? Ya ce shi ma da tunanin ya dawo gida.