Munshi: malamin da ya koya wa mai mulki magana

Jama'a, duk wanda ke bibiyar tarihin mulkin Ingila a Indiya zai yi ta cin karo da wani mutum da Turawa ke kira munshi. Shi ne magatakarda mai rubuta wasiƙu da Farisanci, shi ne kuma malamin da ke zaunar da sabon Bature yana biya masa harshen Hindustani harafi bayan harafi. Ni dai a ganina an danne wa mutanen nan haƙƙinsu, kuma abin yana ci min rai.

A 1800 Lord Wellesley ya kafa kwalejin Fort William a Kalkata don horar da ma'aikatan kamfanin East India. Sunan John Gilchrist, shugaban sashen Hindustani, shi ya fi yin tashe. To amma wa ya rubuta littattafan da ɗaliban ke karantawa? Irin su Mir Amman mutumin Delhi da Lallu Lal, waɗanda rubutunsu ya zama harsashin rubutun zube a harsunan Urdu da Hindi na zamani. Ku tuna fa, har zuwa 1837 Farisanci ne harshen kotu da haraji. Baturen da ke yanke hukunci, sau da yawa ta bakin munshi yake jin ƙarar.

Wanda labarinsa ya fi taɓa ni shi ne Abdul Karim. A 1887 aka kawo shi daga Agra, yana ɗan shekara 24, don ya yi wa Sarauniya Victoria hidimar abinci. Ba a jima ba ya zama malaminta. Tsohuwa mai kusan shekara 70 ta riƙa zama da littafin rubutu, tana jan haruffan Urdu daga dama zuwa hagu, yana duba mata. Fadawa suka tsane shi. Ana iya cewa yana da son girma, na yarda, amma launin fata da asali ne suka fi ƙona musu rai. Da ta rasu a 1901, ɗanta Edward VII ya sa aka ƙwace wasiƙun da ta rubuta wa Abdul Karim aka banka musu wuta, aka mayar da shi Indiya. A Agra ya rasu a 1909.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Imam Umaru a Kete-Krachi, cikin Ghana ta yau, ya rubuta wa Bajamushe Adam Mischlich tarihi da al'adun Hausa da ajami. Malam Shaihu kuma shi ya rubuta tatsuniyoyin Hausa da Baturen Ingila Rattray ya buga a 1913, amma har gobe ɗalibanmu sunan Rattray suke fara kamawa.