Garar Gwamnati da Akuyar Alhaji

Ranar wata Laraba ce, ƙarshen wata, a ofishin haraji na wata sakatariyar ƙaramar hukuma, fanka ba ta juyawa, akawu wani Bazazzage yana firfita da fayil, Ɗan Fulani na zaune a benci yana jiran takardar shaidar ɗan ƙasa tun hantsi, sai ga Alhaji Bakano ya faɗo ko sallamar kirki babu, riƙe da wata takarda da aka manna masa a ƙofar gida.

Alhaji: Wane ne ya liƙa min wannan a ƙyaure? Har da jan fenti a bango kamar gidan da za a rushe!

Akawu: Sannu Alhaji, zauna ka sha iska. Harajin gini ne, shekara shida ba a biya ba, dubu 90, ga tarar latti dubu 45.

Alhaji: Haraji? Yaro, kana ina Abubakar Rimi ya soke haraji a 1979? Ina cikin masu tafi ranar.

Akawu: Ranka ya daɗe wanda Rimi ya soke na kai ne da jangali, mu ma Balarabe Musa ya soke mana a Kaduna. Wannan na gini ne, tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi 774 ikon su ƙiyasta gidaje su karɓa. Kanka kyauta ne, soronka ne ba kyauta ba.

Ɗan Fulani: Aradu Allah ya jiƙan Rimi, shanu ma sun yi masa addu'a.

Alhaji: Toh naji. Amma me ya sa aka rubuta gidana bene mai hawa biyu? Gidan ƙasa ne tun na kakana, ɗaki huɗu da zaure, azarar ma ta fara lanƙwasa.

Akawu: Bari in duba littafi. Ga shi nan, mai ƙiyasi ya rubuta ya ga gini a sama kuma akwai mazauna ciki.

Alhaji: Ɗakin tattabaru ne wallahi! Ɗan autana ne ya haɗa da langa-langa!

Akawu: Su nawa ne a ciki?

Alhaji: Za su kai talatin.

Akawu: Af, ashe ma gidan haya ne, an yi maka sauƙi.

Alhaji: Kai ni fa na biya na shekara uku, a hannun wani mai jar hula da ke zama a wannan kujerar taka, har shayi na saya masa.

Akawu: Ya yi ritaya. Ina rasit?

Alhaji: Yana cikin aljihun babbar riga, uwargida ta wanke ta shanya, na ciro shi na ɗora a kan turmi ya bushe, akuya ta bi ta kai. Amma ai ku kuna da kwafi ko?

Akawu: Masinja! Ɗauko fayil ɗin unguwar su Alhaji.

Masinja ya shiga sito ya daɗe ana jin tarinsa, can sai ga shi da bangon fayil kawai, yana girgizawa ƙasa na zuba.

Masinja: Yallaɓai gara ta riga mu, igiyar ɗaurin kaɗai ta bari.

Alhaji: Alhamdulillahi, an yi kunnen doki kenan. Akuya ta ci nawa gara ta ci naku, kowa ya kama gabansa.

Akawu: Ina! Akuyarka sakaci ne Alhaji. Gararmu kuwa a ginin gwamnati take, abin da ta ci ya shiga asusu.

Alhaji: To yaya aka yi ba ta ci shafin da ake bina bashi ba?

Akawu: Wannan a kwamfuta yake.

Ɗan Fulani: Aradu garar nan ta yi boko.

Alhaji: Tsaya ma tukuna, sunan wa ke jikin takardar nan? Sunan mahaifina ne, shekararsa goma sha ɗaya a ƙasa. Ku je can ku karɓa, ƙofar maƙabarta ba a kullewa.

Akawu: Allah ya jiƙansa. A wurinmu dai yana raye har sai ka kawo takardar shaidar rasuwa da ta rabon gado daga kotu da hoto biyu.

Alhaji: Hoton wa?

Akawu: Na mai gidan, sabon ɗauka.

Nan Alhaji ya cire hula ya share gumi, ya ga dai sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ya zaro damin kuɗi daga aljihun ciki yana ƙirgawa yana tsaki, kun san Bakano da rabuwa da kuɗi kamar cire haƙori.

Alhaji: Ungo, ka rubuta min rasit biyu, ɗaya zan kai banki ajiya.

Akawu: Ba ma karɓar tsaba yanzu, sai ta POS.

Masinja: Yallaɓai ai babu netwok tun safe.

Akawu: To Alhaji sai gobe in Allah ya kai mu. Amma ka taho da ƙarin dubu biyar, gobe ɗaya ga wata, tara ta hau. Kai kuma Fulani ina gidanka yake, mu sa a littafi?

Ɗan Fulani ya miƙe ya saɓa sandarsa.

Ɗan Fulani: Da safe dai na bar shi bayan dutse, amma na ce wa Inna in ta ga mai jan fenti ta ɗora shi a kan jaki.