Raƙumin dawan aro a kalandar gida

Makon jiya wani aminina ya miƙo mini kalandar da wani kamfani na nan Yamai ya buga yana rabawa abokan hulɗarsa. A shafin farko ga raƙumin dawa ya miƙe wuya, a ƙarƙashinsa an rubuta Kure da manyan baƙaƙe. Kallo ɗaya na yi masa na ajiye. Jikinsa ja wur, zanensa kamar ragar masunta. Wannan na Kenya ne. Wanda ya haɗa kalandar ya shiga intanet ne ya sauko da hoton da ya fara cin karo da shi, alhali Kure, inda namu raƙuman dawan suke, ba ta wuce kilomita 60 daga nan ba, a kan hanyar Doso.

Da na yi magana sai aminin nawa ya ce, "Haba malam, raƙumin dawa ai raƙumin dawa ne." To wannan maganar ce ta hana ni barci.

Namu ba irin na kowa ba ne. Fatarsa da haske, tabbansa ruwan ƙasa ne mara duhu, ƙafafunsa kuwa fari-fari kamar ya taka toka. A da yana yawo tun daga Senegal har bakin tafkin Cadi. Yau Nijar kaɗai ya rage wa. A 1996 guda 49 aka ƙirga, a duniya baki ɗaya. Yanzu sun haura 600, har aka ɗebi takwas a 2018 aka kai su Gadabeji a jihar Maradi don kada a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya. Ta yaya aka san wannan lissafin? Da hoto. Zanen jikin kowane raƙumin dawa nasa ne shi kaɗai, kamar zanen yatsa, don haka masu ƙidaya sukan ɗauki kowanne ta dama da ta hagu, su adana. Da haka ake gane wace ta haihu, wane ya ɓace. Hoton nan rajista ne, ba kwalliyar bango ba.

Na taɓa zuwa Kure da rani, kafin harin 2020. Ɗan jagora ya sa muka kashe mota muka taka da ƙafa. Muka tarar da uku a ƙarƙashin gawo suna zaro ganye da dogon harshe, ƙaya ba ta dame su ba. Can sai ga wani dattijo da amalanken jaki ya ratsa ta gabansu, bai ɗaga kai ba, su ma ba su motsa ba. Babu shinge, babu waya. Dabbar da ta kusa ƙarewa tana zaune cikin gonakin mutane, tana cin wakensu da mangwaronsu, su kuma suna haƙuri da ita. Wannan ne hoton da ya cancanci kalanda, kuma babu mai samo shi a Nairobi.

Kowa ya san ranar 9 ga Agustan 2020, da ƴan bindiga a dajin Kure suka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji da ƴan Nijar biyu, direba da shugaban ƴan jagoran Kure. Aka rufe wurin, baƙi suka ɗauke ƙafa. Abin kunyar da ranar ta tona shi ne kamarorin ma da baƙin suka tafi. Shekara da shekaru mun bar wa Turawa aikin kallon dajinmu, mu muna ɗaukar buki da suna da taron siyasa.

Masu cewa ana fama da tsadar shinkafa da rashin tsaro wa ke ta dabba, ban ga sun daina ɗaukar hoton kansu a bakin gada ba. Masu tsoron hoto zai nuna wa mafarauta hanya kuwa, maharbin da ya tashi a dajin bai taɓa jiran Facebook ba.

Ku dubi hamada. A 2016 masu bincike sun karaɗe yankin Tarmit da Tin Tuma ta sama da ta ƙasa suna neman farar dabbar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira adaks, uku kacal suka gani. Ƙungiyar ƙwallon ƙafarmu sunanta Mena, amma tara yaran makaranta ɗari ka nuna musu hoton mena, wato wata irin barewar hamada, ka ji ko nawa za su ce ba akuya ba ce. Ƴan mena kaɗan da suka rage a duwatsun Ayar, kamarorin da ake girkewa a daji su ne ke ba da shaidar suna nan da rai. Abin da ba ka san kamanninsa ba, ranar da ya ƙare ma ba za ka ji labari ba, balle ka tambayi wanda ya ba da izinin sare dajinsa ko haƙa rijiyar mai a makiyayarsa.

Ba na cewa kowa ya ɗauki waya ya afka daji, ko ya bi dabba da babur yana neman hoton kusa. Ƴan jagoran Kure sun san dabbobin nan ɗaya bayan ɗaya, jami'an gandun daji kuma suna can dare da rana. A ba su kamara ta kirki, a koya musu, a sayi hotunansu da kuɗi, a rubuta sunansu a ƙasa. Kamfanin da ya iya biyan kuɗin buga kalanda mai sheƙi ba zai kasa biyan ɗan Kure kuɗin hoto guda ba.

Kalandar dai na mayar wa mai ita. Ya ce zai rataye ta a shago haka nan, tunda kwanakin ciki daidai suke.